Tarkon Biba a Rafin Gidanmu

Gidan gona, kusa da Aluksne
Tsakiyar Satumba

Zuwa ga tsohona Modris,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙugun naka, yaya wurin ɗinkin? Ina fata kana cin abincin asibitin ko da bai yi maka daɗi ba. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, ni da shanu da ƙudan zuma. Na haƙura da kiranka a waya, domin ni ina ta ihu kai kana ta "me kika ce?", duk ɗakin marasa lafiya su ji zancenmu ban da kai. Shi ya sa na ɗauki biro.

Na so in ɓoye maka, amma 'yarmu Sanita za ta faɗa maka ko ban faɗa ba. Biba, manyan ɓerayen ruwan nan masu datse rafi, sun dawo rafinmu. Kamar sun ga fitarka, a makon da aka tafi da kai suka fara aiki. Sun datse rafin da rassa da laka, can ƙasa da kwalbatin hanya, ruwa ya koma baya ya cinye rabin fadamar da muke yankan ciyawa, yanzu har yana lasar hanyar shigowa gida. Mai ɗaukar madara ya daina shigowa, ni nake tura masa a baro zuwa bakin titi. Sun kuma kayar da bishiyar tuffar da mahaifinka ya dasa. Sun feƙe gindinta da haƙora kamar fensir. Na tsaya a kanta na yi kuka, ba zan yi maka ƙarya ba.

Don haushi na ɗauki manjagara na wuni ina rushe madatsar, har bayana ya ƙi miƙewa. Da gari ya waye na tarar sun mayar da ita, har ta fi ta jiya tsawo.

Ranar Lahadi 'yar taka ta zo. A titi ta bar motarta, ta tako cikin taɓo da takalmin birni. Ko shayi ba ta gama sha ba ta ce, "Mama, ki dubi gaskiya. Baba da sanduna biyu zai fito. Ta ina mota za ta shigo da shi? In ya faɗi cikin hunturu wa zai iso ku? Ku taho birnin Riga, ga ɗaki nan a wurinmu, gonar kuma a sa ta a kasuwa." Na san ƙauna ce ta sa ta faɗa, shi ya sa maganar ta fi yi mini ciwo. Na tashi na kwashe kofuna.

Na je wurin maƙwabcinmu Vilnis, tunda shi ne shugaban ƙungiyarku ta mafarauta. Ya ce, "Maƙwabciya, mutanena barewa suke bi yanzu. Wa zai shiga laka saboda ɓera mai faɗin wutsiya? Ki bari sai ƙarshen kaka." Na ce kafin nan ruwa ya daskare a kan hanyata. Sai na tuna masa ina da takardar farauta, wadda ka matsa mini na yi jarrabawarta ban taɓa amfani da ita ba. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ke? Tarkon Modris ya fi ƙarfin yatsun tatsar nono. Amma je ki, na ba ki izini. In kin kama ko ɗaya, ni zan feɗe miki da hannuna."

Saboda haka ka koya mini ɗana tarko, tsohona. Ka rubuto dalla-dalla kamar kana koya wa wanda bai taɓa ganin tarko ba. Kada ka ce in bari, ba zan bari ba.

Ka gaida abokan kwanciyarka. Ka huta lafiya.

Matarka,
Ausma


Ƙarshen Satumba

Modris nawa,

Bayan gaisuwa, yaya ƙarfin jiki? Na ji daɗin jin ka fara takawa zuwa bakin taga. Allah ya ƙaro lafiya.

Wasiƙarka ta iso. Rabin farko duk faɗa ne, na tsallake shi na tafi inda ka sauko. Na bi abin da ka ce. Na daina taɓa madatsar, tunda ka ce a fara da masu gini kafin a rushe gini, in ba haka ba aikin banza ne. Na naɗe sauran tuffar da ragar waya har zuwa ƙuguna. Na ɗaure kare a gida. Na samo tarkunan a bayan ɗakin surace tare da dogon awartakin da ake matse sifirin da shi.

Ka ce in koya a kan busasshiyar ƙasa tukuna, kuma kada in cire ƙugiyar tsaro sai tarko ya zauna inda zai zauna. Na gode da wannan. Na ɗana shi a tsakar gida na zura masa sandar tsintsiya, ya datse ta biyu kafin in ƙifta ido. Na zauna a kan dakali ina duban hannuwana. Tun daga nan nake girmama shi.

To ga inda na yi wauta. Ka ce in ɗan fasa bakin madatsar kaɗan, ƙarar ruwa za ta jawo su gyara. Na sa dogon takalminka na roba mai kaiwa ƙirji, na fasa, na kafa tarkon a cikin fashin daidai, na ɗaure shi da waya a jikin turke. Da safe na je dubawa. Babu tarko. Na bi wayar da hannu, sai ga shi can cikin madatsar, sun tura masa rassa ya rufe, sun shafe shi da laka sun yi gini da shi. Modris, kayan gini na kai musu.

Ina cikin tono shi Vilnis ya tsaya da taraktarsa a kan tudu. Ya ce, "Sannu da aiki, maƙwabciya. Gobe ki kawo musu siminti, su gama gaba ɗaya." Ban ɗago kai ba, don in na ɗago da manjagara zan jefe shi.

Da na sake karanta wasiƙarka sai na ga ka rubuta a kafa tarkon baya kaɗan, ta inda suke iyowa, ba a bakin fashin ba. Rubutun naka ne ya karkace a wurin. Amma ni ma na ga wani abu da idona. A gefen lambu akwai wata 'yar hanya mai santsi, inda suke fitowa daga ruwa su hau zuwa tuffa, cikinsu ya goge ciyawar har ta kwanta. A ƙasanta ruwan ya yi ɗan lungu, faɗinsa bai wuce faɗin tarkon ba. A nan zan gwada. Na duba kuma babu sawun karen ruwa a wajen, kamar yadda ka gargaɗe ni, don kada tarko ya kama shi.

Sanita ta kira, ta ce ta fara gyara ɗakin. Na ce ta sannu.

Ka ci abinci. Ka yi motsa ƙafar da suka ce ka yi.

Taka,
Ausma


Farkon Oktoba

Tsohona,

Ina gaisuwa, ina tambayar jiki. Ka zauna sosai kafin ka ci gaba da karantawa, kada ka yi tsalle ka ɓata aikin likita.

Na kama.

A lungun nan na kafa tarkon, ya nutse cikin ruwa, na kakkafa sanduna hagu da dama don kada biba ya kauce. Na soke ɗanyen reshen tuffa a bayansa, na ɓare shi farin ya fito. Da sassafe na tarar da biba a ciki, babba, nauyinsa kamar ɗan akuya, da jajayen haƙoransa da wutsiya kamar filafilin jirgin ruwa. Tarkon ya kama shi a wuya yadda ka ce, bai sha wahala ba. Na ɗauka zan yi guɗa, sai na sami kaina a tsugune ina shafa gashinsa. Na ce masa, da ka tsaya a can cikin daji da babu abin da ya haɗa mu. Daga nan na ɗora shi a baro.

Ban nufi gida ba. Gidan Vilnis na tura baron, ta tsakiyar ƙauye, a daidai lokacin da mutane suke jiran motar burodi. Na tarar da shi yana shan kofi a baranda. Na ce, "Maƙwabci, ga simintin ya iso. Ina wuƙarka?" Ya dubi baron, ya dube ni. Matarsa Zigrida ta leƙo ta taga ta ce, "Tashi mana, gwani. Ai da bakinka ka faɗa, duk ƙauye ya ji." Ya tashi ya feɗe, kuma in faɗi gaskiya ya yi aiki mai kyau, har ya nuna mini inda ake sa wuƙa don kada fatar ta huje.

Tun daga ranar kullum da safe nake zagayawa, ba na bari tarko ya wuni ban duba ba. Wata rana a samu, wata rana babu. Yanzu na ɗan fasa madatsar, kwana da kwanaki ba wanda ya zo gyara, kuma ba sabon yanka a jikin itatuwa. Vilnis da kansa ya zagaya ya ce sun ƙare a wannan yanki. Na kwashe tarkunan na shanya.

Naman yana cikin hayaƙi. Na ɗebar wa Zigrida nata, naka yana nan.

Matarka,
Ausma


Tsakiyar Oktoba

Zuwa ga Modris,

Gaisuwa da murna. Na ji likita ya ce Juma'a za su sallame ka. Allah mun gode.

Sanita ta zo ranar Asabar da kwalaye a mota, wai za ta fara kwasar kayanka na sanyi. Ta tarar da ni cikin ruwa har ƙugu ina buɗe madatsar kaɗan-kaɗan, don ka ce in na sake ta gaba ɗaya ruwan zai tafi da kwalbatin. Ta sauko bakin rafi. Can ta ce, "Mama, akwai wani takalmin?" Na ce akwai nawa na lambu. Ta shigo da wandonta na birni, muka yi ta jan rassa ina miƙa mata tana jefawa tudu. Ta faɗi zaune cikin laka, muka yi dariya har na kasa ɗaga ta.

Zuwa la'asar ruwan ya sauka, rafin ya koma bakinsa yana gudu, har ana ganin duwatsun ƙasa. Washegari Vilnis ya kawo tsakuwa a tarakta ya zuba inda hanyar ta zaizaye, ba tare da na roƙe shi ba. Sanita ta je titi ta shigo da motarta a hankali, ta haye kwalbatin, ta tsaya daidai ƙofar gida. Ina tsaye da hannuwana a ƙugu ina kallo. Ban taɓa jin ƙarar mota ta yi mini daɗi haka ba.

Ba ta ce ta janye maganarta ba, ka san halin 'yarka, naka ta ɗauko. Ta dai ci nama da baƙin burodi har ta ƙara. Da za ta tafi sai na gan ta durƙushe a bakin ƙofa da ma'auni tana auna matakala. Na ce me kuma ake aunawa? Ta ce, "Baba ba zai iya hawa wannan da sanduna ba. Zan sa a yi masa gangare na katako, da abin riƙewa." Kwalayen ta bar mini su, ta ce in zuba tuffa.

Ita za ta ɗauko ka. Ka ce ta tsaya a kan kwalbatin, ka sauke gilashi ka dubi rafinka. Ni ina ƙofa ina jiranku.

Matarka mai ƙaunarka,
Ausma