Lakar Baibai

Litinin, 3 ga Maris

Baibai ta dawo daga teku. Jikata ce, amma tun da ta fara sa takalmin hagu a ƙafar dama na laƙaba mata sunan, har uwarta ta gaji da hana ni. Na ce ina tsarabata? Ta ce laka suka haƙo. Wata biyu a jirgin ruwa, laka! Na ce ai da kin faɗa, da na kwaso miki ta bayan gida.

Alhamis, 6 ga Maris

Ta zaunar da ni ta yi mini karatu. Wai duniya kanta maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas take nuna arewa. Wai a da can, kafin mutane, allurar kudu za ta nuna, ya juya ya sake juyawa ba sau ɗaya ba. Ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da ke kwantawa a ƙasan teku su suka riƙe shaida, kowace tana kallon inda arewar zamaninta take. Na ce to alƙibla fa? Ta ce Kaka, rana ba ta canza mafita ba, allura ce kawai. Na ce Alhamdulillahi.

A dogayen bututu suke haƙo lakar, a wanda ta auna kuwa ta gano wani ɗan juyi da ba wanda ya taɓa gani. Na faɗa wa mai kantin ƙasa, na faɗa wa matar tela. Matar tela ta ce jikanta direban banki ne. Na bar ta.

Asabar, 8 ga Maris

Ba ta ci abinci ba.

Talata, 11 ga Maris

Yau ta faɗa mini abin da ke damunta. Lakar a ƴan akwatunan roba ake gutsura ta, kowanne da kibiya mai nuna sama. In ka kifa akwati ka sa a na'ura, sai ta ce duniya ta juya, alhali kai ne ka juya. Babban nasu ya ce ko ta kifa su ne. In haka ne, za a cire aikinta, kuma ba ita a jirgi na gaba.

Bakina ya riga ni: "Yo Baibai, ai ko ni zan tambaya." Na jira dariya. Ta ce, "Ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan, Kaka. Da muryarki ma nake jin sa." Ta kwashe kwanuka ta fita.

Shayin nan ba daɗi. Ganyen ne.

Laraba, 12 ga Maris

Na ce sai na ga lakar nan da idona. Ta kai ni wurin aikinsu. A ƙofar ɗakin na'ura aka ce ba a shiga da ƙarfe. Aka karɓe makullaina, da ƴan kunne, da fil ɗin mayafi, har da ɗan almakashin da nake yawo da shi. Na ce wa mai tsaron, haƙorin Makka fa, in cire? Ya yi ta dariya.

Ɗakin ajiya sanyi kamar cikin firji. Bututu jere har rufi, kowanne an tsaga shi gida biyu: rabi na aiki, rabi na ajiya da ba a taɓawa. Wannan rabin wani zai auna, ba da hannunta ba.

Na ga Babban, siriri, gemu fari. Na ce, "Malam, yarinyar nan ni na raine ta. Riga takan juya, amma ba ta taɓa cewa ta yi abin da ba ta yi ba." Ya ce, "Mama, ba ita nake tuhuma ba, ko ni ne sai an sake aunawa." Baibai kamar ƙasa ta tsage ta shige. Oho dai.

Juma'a, 21 ga Maris

Ta shigo da gudu, ko sallama babu. Rabin ajiya ya faɗi abin da ta faɗa, a daidai wurin! Duniya ce ta juya, yarinyata tsaye take. Na yi guɗa har matar tela ta leƙo ta taga. Na ce ba komai, laka ce.

Litinin, 24 ga Maris

Yau za ta tsaya gaban manyansu ta yi bayani. Ta fito a gaggauce, jaka a kafaɗa, rigar a juye, ɗinki duk a waje. Sunan ya zo mini har bakin leɓe.

Na ce, "Malama, shayi ya ɗiga miki a baya, je ki canza." Ta koma ta sako shuɗiyar, daidai. Ta tsaya a ƙofa tana kallona. "Me kika kira ni?" Na ce tafi kar ki makara.

Ba wai na daina ba ne. Tsufa ne, suna yana kuɓuce wa mutum.