Majinyacin Roba

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Umma? Ya yara? Ni lafiya lau, ina ci ina barci, kada ki damu.

Sakamako ya fito, na sake faɗuwa gwajin aikin jinya. Wani mutum na roba suke kwantarwa a gado, ki juya shi, ki goge masa baya, kina faɗin duk abin da kike yi. Yaya, aikin da na yi wa Baba har ya rasu ke nan. Amma ina dafa kafaɗar mutumin robar nan sai na tuna Baba. Na yi komai daidai, ban ce uffan ba. Malama ta ce abin da ba ta ji ba, ba a yi shi ba. Dama ɗaya ta rage, ni kuwa ban san me zan gyara ba.

Don Allah ki lallaɓa Umma ta daina gaya wa maƙwabta 'yarta nas ce. Farin yadin da ta saya kuma, kada a kai wa tela tukuna. Ki ce mata na rame, awon zai canza. Wannan dai ba ƙarya ba ce.

A sa ni a addu'a.

Ƙanwarki