Yatsa Na Shida

Haɗeja, 3 ga Maris, 1996

Zuwa ga maigidana Shu'ibu, ragon miji,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da ƙudajenka na jami'a. Mu nan ƙalau, sai takaicin da ka aiko mini.

Na sanar da kai ƙanwarka Aisa ta haifi mace da yatsu shida a hannun hagu. Surukarta Yakaka ta ce aljanun ruwa ne suka shafi cikin, don Aisa ta yi wanki a fadamar Baturiya, kuma in ta gama wankan jego a wurina kada ta koma ɗakinta a Guri. Na ce ka zo ka tsaya mata. Sai ga takarda! Wai saƙon da ke tsara fiffiken ƙuda tun yana tsutsa, irinsa ne ke jera yatsun ɓera da na ɗan Adam a ciki, in ya ɗan zarce a samu ƙari, kuma yakan bi jini.

Allah ya shirye ka! Shekara shida kana kiwon ƙuda a kwalba, abin da ka samo mana ke nan, dangi? Tun ba a haifi ubanka ba nake korar su daga kan kifina. Aure na rawa, kai kana mini zancen tsutsa.

Matarka da ke shirin yaji,
Kaka Ramatu

Haɗeja, 20 ga Maris, 1996

Maigida,

Ina gaisuwa, amma ban huce ba. Ya jikin ƙudajen?

Na je Guri na karanta musu takardarka da bokona na yaƙi da jahilci. Yakaka ta yi dariya har da riƙe ciki, wai ashe zuri'ar ƙuda suka auro. Raina ya ɓaci, na miƙa mata hannuna na hagu, na nuna mata tabon da ke gefen ɗan ƙaramin yatsana. Da shida aka haife ni, uwata ta ɗaure shi da zare ya faɗi, ita kuwa ba ta taɓa taka Baturiya ba. Ko kakanka bai sani ba har ya rasu. Shekara saba'in ina ɓoyewa, ka sa na tona a gaban wannan matar.

Buba mijin Aisa ya daɗe yana kallon tabon. Jiya ya zo da kansa ya ɗauki matarsa da 'yarsa.

Ka gaya wa ƙudajenka na karɓi zumuncin, amma duk wanda ya sauka kan kifina zai sha mafici.

Taka har kullum,
Kaka Ramatu