Asabar Ba Baban Fawaz

Lahadi, 21 ga Mayu, 2023

Babur ɗin ne ya gaya mini, ba mutum ba. Ina tsakar gida ina yi wa Rafi'atu kitso sai na ga Imoro, ƙanen maigidana, yana turo babur ɗin da hannu ta lungunmu, a kashe. Maigidana Jibirilu ba ya ba kowa babur ɗinsa, ko limamin unguwa ne. Imoro ya jingine shi, ya tsaya yana kallon taya. Na ƙarasa kitson nan har ƙarshe. Har yau ban san dalili ba.

A shagonsa na kasuwar Abossey Okai Jibirilu ya yanke jiki ya faɗi. An kai shi asibiti da ransa, da ƙafarsa ma ya shiga in ji su. Bai fito ba. Yau kwana goma sha biyu.

Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce kada a gaya wa yara. Fawaz shekararsa shida, Rafi'atu uku. Ranar jana'iza an kai su Nima gidan yayata. An ce musu Baba ya tafi Kumasi sayen kayan mota. Ni ma haka na ce.

Wannan littafin na Fawaz ne, na makaranta. Na yage shafukan da ya yi rubutu.

Asabar, 27 ga Mayu

Tun da asuba Fawaz ya sa takalminsa ya zauna a bakin ƙofa. Kowace Asabar ubansu yana ɗora su a babur, ɗaya gaba ɗaya baya, su je bayan shingen filin jirgi su kalli jirage suna sauka, su sha kwakwa su dawo. Ni a lokacin nake samun wanki da ɗan barci. Ban taɓa binsu ba.

Na ce cire takalmin. Ya ce, "Mma, ke ki kai mu mana." Na ce ina takaba. Ya ce mene ne takaba. Na ce ciwon ƙafa ne.

Talata, 6 ga Yuni

Na ɗauko rigunan Jibirilu zan ninke, na sami katin asibiti a aljihu. Na Fawaz ne. Ƙabar nan da ke kumbura masa a matsematsi in ya yi kuka ko gudu, ashe har an sa ranar tiyata, 20 ga Yuli. Baban Fawaz ya ce mini "suna dubawa", iyakar abin da ya faɗa ke nan. Shi ke zuwa, shi ke jin Turancinsu. Ya san ni da tsoro.

Asibitin da ya shiga ne. Shi ɗin dai.

Na mayar da katin aljihun. Da la'asar na sake cirowa.

Alhamis, 8 ga Yuni

Hajiya ta aika wurin Malam Muftahu a tambaya ko mai takaba za ta iya zuwa asibiti. Ya ce larura ce, in je in dawo, ba kwalliya ba tsayawa hira. Na so ya ce a'a.

Asabar, 17 ga Yuni

Imoro ya kai yara kallon jirgi, a trotro, motar haya. Sun dawo a jiƙe, ruwa ya kama su a hanya. Rafi'atu ta yi barci da ɓawon kwakwa a hannu. Fawaz ya ce Baba Imoro bai san komai ba, bai san wanne ne jirgin Kumasi ba, kuma ya tsaya nesa da shinge kamar matsoraci. Imoro ya ce, "Kai, ɗan nan, bakinka ya fi ka girma." Ya yi dariya, sannan ya juya baya yana share fuska da hula.

Da dare ƙabar ta fito. Na kwantar da shi na danna a hankali yadda ubansa ke yi. Ta koma.

Laraba, 28 ga Yuni

Sallar Layya. Maƙwabta sun aiko nama har ya yi yawa. Ban iya ci ba.

Talata, 18 ga Yuli

Na fita yau, karon farko. Titin unguwarmu Maamobi na nan yadda yake, masu sayar da waakye, shinkafa da wake, masu kiran fasinja, kwata cike da ruwa. Na ji haushin kowa.

A asibiti an ɗibi jinin Fawaz, an auna shi. Wata nas ta yi mini bayani da yaren Twi, ta maimaita sau biyu tana ɗaga yatsa: ranar aiki kada ya ci komai, daga shida na safe ko ruwa kada ya sha. Na ce na ji.

Mun wuce ta ƙofar da ake shigar da waɗanda aka kawo a gaggauce. Na kalli ƙasa har muka fita.

Fawaz ya ce shi ba za a yanka shi ba sai Baba ya dawo. Na ce yana hanya. Allah ka yafe mini.

Alhamis, 20 ga Yuli

Ba a yi ba.

Hajiya ta bi mu da gora a jaka. Rubutu ne, Malam Muftahu ya yi kwana uku yana rubutawa ana wankewa, ta zuba zuma a ciki. Muna zaune a benci, wajen ƙarfe takwas, ta ce, "Sahada, ba shi ya sha kafin a kira shi." Na ce an hana. Ta ce, "An hana abinci, an hana ruwa. Wannan abinci ne? Ayar Allah ce." Na buɗe na ba shi. Yaron da ke jin yunwa, ga zaƙi, ya shanye tas.

Da aka kira sunansa nas ɗin ta kama haɓarsa tana kallon leɓensa, baƙi ƙirin da tawada. Ta ce me ya sha. Hajiya ta ce magani ne na Musulmi. Aka kira wata nas 'yar Nima mai jin Hausa. Ta ce, "Hajiya, ciki bai san rubutu ba, ruwa kawai ya sani. In an sa shi barci ya yi amai, huhunsa zai shiga." Mutane cike da benci suna kallonmu. Likita ya ce layin yau ba zai jira ba. Sai 17 ga Agusta.

A trotro Hajiya tana ta faɗa, wai sun raina addini. Fawaz yana murna ba a yanka shi ba. Na saya masa koko da ƙosai.

Juma'a, 21 ga Yuli

Ban yi niyyar rubuta wannan ba. Amma littafi ba ya kai gulma.

Na sani. Lokacin da nake buɗe gorar nan na tuna yatsan nas ɗin sarai. Ba maganar Hajiya ce ta rinjaye ni ba. Da likita ya ce mu tafi gida, wani sanyi na ji a ƙirjina, irin wanda ban ji ba tun watan Mayu. Na fito da ɗana daga asibitin nan da ƙafarsa.

Kowa na ganin laifin tsohuwa. Imoro har ya yi mata magana. Na bar ta da shi.

Asabar, 29 ga Yuli

Gajiya. Rafi'atu ta koma fitsarin kwance.

Asabar, 12 ga Agusta

Bari in rubuta.

Imoro ya dawo da su tun kafin azahar, Fawaz a kafaɗarsa. Yana tsalle yana ɗaga wa jirgi hannu sai ya durƙusa. Ƙabar ta fito, ta yi tauri kamar dutse, na danna ta ƙi komawa. Ya yi amai sau biyu. Ba ya kuka ma, nishi kawai.

Ban nemi izinin kowa ba. Na goya shi, yaro ɗan shekara shida, ƙafafunsa na dukan gwiwata, na fita titi na tare tasi. Ta ƙofar nan da ba na kallo muka shiga. Sun yi masa allura, likita ya daɗe yana lallaɓawa kafin ta koma. Ya ce da hanjin ya shaƙe a wurin, da wani zance ake yi yanzu. Ya duba kati ya ce ai wannan tun watan jiya ya kamata a gama da shi, me ya faru?

Na ce ni ce.

Laraba, 16 ga Agusta

Hajiya ta kawo wata gorar. Na karɓa da hannu biyu na ce, "Hajiya, zai sha yanzu da yamma. Wanda ya rage gobe zan shafa masa a kai da ƙirji. Ba zai shiga bakinsa ba." Ta ce, "Yanzu ke ce za ki koya mini riƙon yaro? Na haifi bakwai." Na ce, "Ɗaya gare ni namiji." Ban taɓa mayar mata da magana ba, shekara takwas.  Ta ce to a shafa da kyau, har bayan kunne.

Alhamis, 17 ga Agusta

An yi. Alhamdu lillahi.

Ni na sa hannu a takarda, sunana da rubutuna mai karkata. Da za su tura shi ya riƙe mayafina ya ce Baba bai zo ba. Na ce ni na zo. Ya ce ke ai tsoro kike ji. Na ce ƙwarai, amma ga ni.

Awa ɗaya da wani abu. Hajiya tana jan carbi, ni ko addu'a ta gagare ni, tayil ɗin ƙasa nake ƙirgawa. Da ya farka abin da ya fara cewa shi ne, "An ba ni waakye?" Nas 'yar Nima ta ce, "Wannan ai ya warke, ku kwashe kayanku."

Lahadi, 27 ga Agusta

Hana shi tsalle ya fi tiyatar wuya. Rafi'atu ta manna takarda a cikinta, wai ita ma an yanka ta, a ba ta shayi da madara.

Alhamis, 14 ga Satumba

Na fita takaba. Mata sun zo, an yi addu'a, an yi mini lalle. Na ɗauka zan ji wani abu. Kunya kawai na ji da na ga hannuna ja.

Asabar, 23 ga Satumba

Na kai su da kaina. Ba filin jirgi ba, bakin teku, can wajen La. Trotro biyu. Shekarata talatin da ɗaya a Accra, sau biyu na taɓa ganin teku. Rafi'atu ta ƙi sauka daga bayana, tana yi wa ruwa tsawa wai ya koma gidansu. Igiya ta zo ta tafi da silifas ɗina ɗaya, na bi shi a guje da zane a hannu, Fawaz yana ihu "Mma, hagu, hagu!" Ina jin na yi dariya. Kaɗan.

Mun zauna a yashi muna cin gasasshiyar ayaba da gyaɗa. Ya ɗaga riga yana nuna wa ƙanwarsa tabon. Can, ba tare da ya kalle ni ba, ya ce, "Mubashir na ajinmu ya ce babansa na cikin waɗanda suka ɗauki Baba a kafaɗa." Ya ci gaba da tona rami da yatsa.

Bakina ya buɗe zai ce Kumasi. Ban ce ba. Na jawo shi jikina, ya bari, shi da ba ya son a rungume shi a gaban mutane. Muka zauna haka har Rafi'atu ta ce fitsari.

Na dawo da takalmi ɗaya jiƙe, yashi har cikin kitso. Sun yi barci tun kafin isha. Na ce musu Asabar mai zuwa ma za mu fita, in ba ruwa.

Ban gaya masa da bakina ba tukuna.