Labarin da baƙonmu ya yi wa kaca-kaca nawa ne

Admin don Allah a ɓoye sunana.

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana biyar ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ni kafinta ne a kasuwar Katako, kuma ni na kafa wata ƙungiyar marubuta da muke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar a wani aji a unguwar Nasarawa Gwom, shekara tara ke nan. Malam suke ce min, ni ke gyara wa kowa rubutu da jan biro. Ni ne kuma na kawo dokar cewa ranar bita kowa ya buga labarinsa babu suna ya jefa a kwali, don kada a ji nauyin faɗin gaskiya.

Asabar da ta wuce muka yi baƙo, wani dattijon marubuci da na yi wata huɗu ina bi kafin ya yarda ya zo. Na jefa nawa, labarin da na shekara uku ina gogewa kamar ƙofar da za a yi wa fenti. Wallahi a raina jira nake ya ce wane gwani ne wannan, in miƙe a hankali.

Nawa ya fara ɗagowa. Shafi biyu ya karanta ya cire gilashi, ya ce mai wannan ya sha karatu, amma babu mutum ko ɗaya mai numfashi a ciki, duk maganar aro ce. Ya maimaita wata jimla da nake ji da ita, aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi har da tafi. Sai ya ɗauko wani, na matar da ke wanke kayan mijinta bayan ya rasu tana shanyawa, don ba ta son ganin igiyar babu rigarsa. Wannan kam ya karanta shi har ƙarshe yana yabawa. Na san labarin, na Maman Chidi ne, 'yar ƙungiyarmu mai shagon ƙusa kusa da ni, ni na taɓa ce mata wannan hira ce ba adabi ba.

Da zai tafi ya riƙe hannuna, ya ce tunda ni ne babba in nemo mai labarin farko in lallashe shi, ko ya koma ya koya daga tushe, ko ya daina ɓata shekarunsa. Na ce in sha Allahu.

Yanzu membobi sun tsayar cewa jibi zan feɗe labarin farkon nan a allo layi-layi don kowa ya ƙaru, mai shi kuma ya bayyana kansa. Jiya Maman Chidi ta leƙo shagona ta ce, "Oga Malam, mai labarin nan ya ba ni tausayi, ka bi shi small small," wato a hankali. Na kasa ɗaga ido in kalle ta.

In na ce nawa ne, wa zai sake kawo min takarda in gyara? In na yi shiru, da wane baki zan tsaya gaban allo? Na so in ce hassada ce irin ta manya, na sake karanta labarin sau biyu, wallahi gaskiya dattijon ya faɗa. Shekarata arba'in da bakwai. In daina zuwa ne kawai, ko in zauna a benci in koya a gaban waɗanda na koyar?