Saura Tasha Guda, Mushe Dirakta

Zuwa ga Mai Girma Diraktan gidan na'urorin matasa da ke bayan kasuwarmu, da duk wanda ya tsaya bakin ƙofar nan yana karantawa.

Kafin gaisuwa, ga kacici-kacici, kai da masu karatu. Tsofaffin mata ne su biyu. Ɗaya tana tsaye bakin jirgi, an buɗe mata ƙofa ta ƙi shiga. Ɗaya tana tsaye bakin ƙofa tana son shiga, an rufe mata. Wace ce ta fi daɗewa a tsaye? Ku riƙe ta a ranku, amsa tana can gindin takarda. Wanda ya leƙa tun yanzu, Allah ya gan shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina aiki, ina gajiya, ina iyali? Allah ya sa wagga takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da sanyin zuciya, don za ka bukaci na biyun.

Ni ce Hajo, matar marigayi Idi, ta unguwar maƙera. A ofis kai Mushe Dirakta ne, kamar yadda masu Faransanci ke girmama namiji, kuma haka zan kira ka har ƙarshe, tunda an ce haka ake yi. A gida kuwa kai Laminu ne, jikan aminiyata Ta-Allah, angona tun kana cikin tsumma. Karatuna na lakkwal, wato makarantar boko, bai wuce aji huɗu ba, rubutun Hausa kuma a ajin yaƙi da jahilci na koye shi. In ka ga harafi ya karkace ka daidaita shi da kanka. Maganar dai a miƙe take.

Ranar Litinin da ta wuce na zo da hantsi kamar kullum, na tarar da takarda liƙe a ƙofa da hatiminka. Da Faransanci anka rubuta ta. Gardi Malam Abdu ya juya mini ita da Hausa yana kallon ƙasa: daga yau ba mai zama gaban ordinatar, wato kwamfuta, sai mai shekara goma sha biyar zuwa talatin da biyar. Ranka ya daɗe, a garin nan kaf mutum ɗaya ne mai furfura ke zama gaban na'urar nan. Da ka rubuta “Hajo kar ta shigo”, da ka rage wa kanka tawada.

Ga maganganuna.

Na ɗaya. Ban shigo gidanka neman wasa ba. Wata bakwai ke nan, na kawo salulata, wayar hannuna, ta sha wuta, tunda ku ke da faifan hasken rana. Ina zaune ina jira sai na hangi ruwa a gilashin na'urar ƙarshe, wadda ke jikin taga. Ruwa shuɗi, ga jirgin ƙasa yana bin gefensa. Na tambayi Madam Zainabu, mai koya wa yara buga rubutu. Ta ce teku ce, kuma wasa ne, mutum ke tuƙa jirgin da hannunsa. Na ce ta matsa mini. Ta nuna mini maɓalli huɗu: na tafiya, na birki, na ƙofa, na busa. Miyar kuka ma ta fi haka kayan haɗi. Tun ranar nake zuwa da hantsi, lokacin da 'yan lakkwal suna aji, samari suna garka wurin ban ruwa, na'urori shida suna jere shiru kamar 'yan zaman makoki.

Na biyu. Ka duba aikina kafin ka duba furfurata. Hanyar tasha tara ce, kuma ba a buɗe wa mutum ta gaba sai ya isa wadda ya nufa a kan lokaci. Na kai takwas. Na ja jirgin fasinja, na ja na kaya mai tarago ashirin da biyu cike da duwatsu da katako. Ban taɓa ƙetare jar fitila ba. Ban taɓa wuce dakalin tasha har mutane su biyo ni da gudu ba. Samarinka kuwa danna gudu suke kamar 'yan kabu-kabu a hanyar Madawa, su zo kwana su kife da bayin Allah, su yi dariya su sake. Ni ban iya kifar da mutane in yi dariya ba. Wadda ta taɓa saukowa gangaren hanyar Keita a kan amalanke cike da buhunan albasa ta san kaya mai nauyi ba ya jin “tsaya” sai an faɗa masa tun daga nesa. Na'urar tana ajiye suna da maki. Ka buɗe ka gani, sunan da ke sama a jirgin kaya HAJO ne, da manyan baƙaƙe.

Na uku. Laifina, don kar ka ce na ɓoye shi.

A tasha ta huɗu akwai wata tsohuwa mai doguwar riga shuɗiya, da jaka a hannu. In na tsaya kowa ya shiga, ita tana nan tsaye tana kallon jirgi. Kai ɗan ƙasar nan ne, ka san direban da ya bar tsohuwa a tasha da kayanta a hannu, daga Buza har Tabotaki ba mai sake shiga motarsa. To, na buɗe ƙofa na jira. Na busa mata. Na ja jirgi baya kaɗan har ƙofa ta zo daidai ƙafarta, na ce ko gwiwa ce ke damunta irin tawa. Na ce ko wani take jira ya zo su yi sallama. Agogon na'ura ya yi ja, anka rubuta mini na makara, anka mai da ni baya. Wata biyu cur ina wanga abu. Madam ta rantse mini cewa hoto ce, haka anka zana ta, ba za ta shiga ba har tashin duniya. Na ce na ji. Kunnena ya ji, hannuna ne ya ƙi rufe ƙofa. A nan ne na koma jirgin kaya, don shi ba ya tsayawa a tasharta. In zan wuce sai in kau da kai. Sai dai tashoshin gaba da na fasinja kaɗai ake buɗe su.

Wata ranar kasuwa na koma wurinta da na fasinja, na yi minti arba'in a tsaye, samari uku suna bayana suna jiran kujera suna tsaki. Na san su sunka kai ƙarata gare ka. Sun yi gaskiya, ranar na ci haƙƙinsu, na kuma bi su har gida na ba su haƙuri da ƙullin gyaɗa, sunka cinye. Rana ɗaya ce cikin wata bakwai. An kuma ce busata tana damun masu rubutu. Ina busawa ne in na zo gari, don ban ga yadda za a ratsa garin mutane ba sallama ba. Madam ta rage wa na'urar murya, wagga magana ta mutu tuni.

Daga ƙarshe na bar tsohuwar. Na yi mata sallama da baki, na roƙe ta gafara, na rufe ƙofa na ja. Ranar ko fura ban iya sha ba. Amma na isa tasha ta biyar a kan minti, sannan ta shida, sannan ta bakwai mai dogon rami cikin dutse. Ta takwas na kai ta ranar Alhamis. Litinin na ɗauro sabon kallabi saboda ta tara, na tarar da takardarka.

Na huɗu. Takardar ta ce talatin da biyar. Ranka ya daɗe, an haife ka a kakar da na yaye ɗana Sale. Sale bana talatin da tara gare shi, kai kuwa talatin da bakwai. Ni na dama wa uwarka kunun kanwa, ni na riƙe ka ranar suna wanzami ya yi maka aski kana tsala ihu. Na san takardar haihuwarka ta faɗi wani abu dabam, amma ita sai da za ka shiga lakkwal anka yi ta, ni kuwa ina cikin ɗakin. To, kullum ina hangenka gaban ordinatar ɗin ofis. In doka ce ba ta da ɗagawa, fito mu zauna tare gindin itacen bedi, na zo da tabarma. In kuwa ana ɗaga ta don shekara biyu, a ɗaga ta don talatin da ɗaya.

Na biyar. Wagga ita ce maganar, sauran duk rakiya sunka yi mata.

Idi ya yi shekara goma sha tara yana zuwa cin rani bakin teku, kamar yawancin mazan Adar. Dako yake yi, yana sauke buhu daga tarago yana kaiwa jirgin ruwa. In ya dawo da damina yakan ce akwai wurin da layin dogo ke ƙarewa, ƙarfe biyu su tsaya cak, gabansu sai ruwa, ruwan kuma ba shi da wancan ƙetare. Idi mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma yana ƙara wa labari gishiri. Ya taɓa ce mini ya ga kifin da ya fi raƙumi, na ce to a kawo mini ƙayarsa in yi ginshiƙin rumfa. A tashoshi takwas ɗin nan ina hangen teku ne ta tsakanin gidaje da duwatsu, kamar mai leƙen biki ta ramin darni. Madam ta ce a ta tara ne dogo ke shiga har bakin ruwa, inda manyan jirage ke tsayawa. Ta kuma ce wanga bakin teku na ƙasar Turawa ne, ba wanda Idi ya yi dako ba. Na sani. Amma Idi ya ce ruwan duk a haɗe yake. Ina so in kai jirgina wurin da ƙarfe ke tsayawa, in duba da idona ko a nan ma ya sa gishiri.

Idon kuwa ga halin da yake ciki. Na hagu yanar ido ta rufe shi tun bara. Likita a Madawa ya duba na dama ya ce shi ma ta fara, sai bayan kaka za a yi aiki, kuma bai yi mini alkawarin komi ba. Da na fara tuƙi ina karanta lambar gudu a jingine. Yanzu sai na kai hanci jikin gilashi. Jar fitila da koriya har yau ina rarrabe su, ban san har yaushe ba. Ranar Talata ka aiko gardi ya ce in jira taron kwamiti bayan kaka. Bayan kaka, Mushe, ina kwance da auduga a fuska.

Saboda haka ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, ka cire takardar, ko ka ƙara mata layi guda: da hantsi, in kujera ba kowa, mai furfura ya zauna. Ba don ni kaɗai ba. Kakarka Ta-Allah ta tambaye ni sau biyu ko jirgin yana da wurin mai ciwon ƙafa.

Biyu, in kwamiti ne ba ya motsi, ka ba ni safiya ɗaya cikin makon nan. Daga ta takwas zuwa ta tara minti talatin da biyar ne in ba a makara ba, kuma ba zan makara ba.

Uku, kar a goge sunana daga na'urar jikin taga. Na ji ana shirin wanke ta. In anka goge sai na koma tasha ta fari, ke nan sai na sake barin tsohuwar nan a tsaye. Na yi sau ɗaya. Ba zan iya sau biyu ba.

Huɗu, ranar ka jawo kujera ka zauna gefena. Kai ne fasinja. In ido ya gaza ka karanta mini lambar gudu, amma kar ka taɓa mini birki.

Har ka amsa, kullum da hantsi zan zo da 'yar kujerata da ƙwaryar gyaɗa, in zauna ƙarƙashin takardarka ina ɓara. Duk wanda ya tsaya gaisuwa zan ba shi labari ɗaya na ƙuruciyarka. Ina da goma sha biyu. Na shekarunka na riga na bayar kyauta a takardar nan. Gobe na zakaran gidan liman ne, wanda ya koro ka har ka bar masa wando. Jibi na ranar allura, da yadda munka same ka cikin rumbu. Na goma sha biyun ko matarka ba ta san shi ba, kuma ina roƙon Allah kar mu kai can, don ina sonka.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare ka daga sharrin masu kai ƙara, ya raya maka zuri'a. Allah ya ba ka tsawon rai har ka yi furfura, ya kuma haɗa ka da mai buɗe maka ƙofa a ranar.

Wassalam.

Taka,
Hajo matar Idi, direbar jirgin fasinja da na kaya.

Amsar kacici-kacici: ta biyun ce, ta bakin ƙofarka. Ta cikin gilashi wata bakwai kawai na san ta a tsaye. Ni kuwa sau uku Idi ya ce in ɗaura kaya zai kai ni in ga ƙarshen dogo. Na fari uwarsa ta kwanta ciwo, na biyu cikin Sale ya tsufa, na uku shi ya dawo ba lafiya bai sake komawa ba. Daga ɗaurin kayan fari zuwa yau shekara arba'in da ɗaya ke nan.