Baƙin Allon Yaya Iliyasu

Litinin, 6 ga Nuwamba, 2023

Kwana arba'in da rasuwar Yaya Iliyasu. Malam Nababa, shugaban manoman rani na ɓangarenmu a Watari, ya zo gaishe da Inna. Zai fita ya ce, "Safiyatu, manhajar rabon ruwan da marigayi ya fara mana fa? Bara har sara aka yi a kan layin ruwa. Ke ma ai kin karanta kwamfuta."

Na ce to. Ban san me ya sa na ce to ba.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Na buɗe kwamfutarsa. Baƙin allo kawai, da ɗan haske yana ƙiftawa. Ba hoto, ba maɓallin da zan danna. Ni a makaranta da linzamin kwamfuta na saba, in ga komai a gabana in zaɓa. Kullum muna musu da Yaya a kan wannan. Ya ce mai danna hoto kamar mai nuni da yatsa ne a kasuwa, shi kuwa magana yake yi da na'ura. Na ce masa ai wahalar da kai ce.

Yaya, da kana nan da na bar maka musun.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Ɗanbatta, shagon caji. Kuɗin mota ya ninka. Na sauke irin manhajar da na saba, mai launi da maɓallai. Ta cinye data, ta sa kwamfutar zafi, batir ya mutu cikin minti arba'in. Ashe ba taurin kai ba ne ya sa ya zauna a baƙin allo. Ƙauye ya sani.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Ba komai. Na kasa.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Bisa kuskure na danna maɓallin kibiyar sama, sai umarnin ƙarshe da ya rubuta ya fito. Na sake dannawa, wani ya fito. Na yi ta bi baya, har inda ya yi kuskuren harafi ya gyara. Haka yake da gaggawa ko a cin tuwo. Inna ta same ni ina kuka, ta ce, "Wasiƙa ya bari?" Na ce kusan haka.

Daga nan nake koyo, ɗaya bayan ɗaya.

Talata, 12 ga Disamba

An fara dashen tumatir. Jadawalin ruwa na mako na biyu ya fito daga manhajar Yaya, na kwafa a takarda na kai wa Malam Nababa. Da yamma Barira ta gidan Dabo ta zo, mijinta ba lafiya, ita ke kula da gonar. "Mako biyu ba sunanmu, 'yar nan. Shukarmu ta kwanta."

Na ce manhajar Yaya ba ta kuskure. Ta dube ni kawai ta tafi.

Juma'a, 15 ga Disamba

Barira ce da gaskiya. Gonar da ke ƙarshen kowane layin ruwa, lissafin Yaya tsallake ta yake yi. Gonaki bakwai. Na daɗe ina kallon wurin kuskuren a allon. Layi goma sha ɗaya na umarni, rubutunsa ne, har da ɗan barkwancin da ya sa a gefe.

Na goge. Na rubuta nawa. Gobe da safe ruwa zai shiga gonar su Barira.

Inna tana tankaɗe ta ce, "Aikin Iliyasu ya kusa?"

Na ce, "Aikina saura kaɗan, Inna."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Ni ma ban gyara maganar ba.